Littafin da ya sa ni kuka, ɗan yayata ya ƙi buɗe shi

Assalamu alaikum, Malama. Shekarata 36, kuma wata takwas ke nan da rasuwar yayata bayan ta yi jinyar ciwon daji na kusan shekara biyu. Ta bar ɗa guda mai shekara 14, wanda yanzu yake hannuna. Yaron ba ya kuka, ba ya zancen mahaifiyarsa, kuma da zarar na ambace ta sai ya tashi ya bar wurin. Kwanakin baya wata abokiyar aikina ta ba ni aron wani littafin Turanci da aka rubuta domin matasa, A Monster Calls na Patrick Ness. A dare ɗaya na karance shi, ina kuka irin wanda ban yi ba ko a ranar rasuwar. Na sayi sabo na ba yaron, na ce masa zai taimake shi. Ya karanta bayanin da ke bangon baya ya ajiye, yau mako uku bai sake taɓa shi ba. Da na tambaye shi karo na uku sai ya ce, "Inna, don Allah ki ƙyale ni." Shin kuskure na yi? In matsa masa ne ko in janye? Sannan ina jin kunyar a ce littafin yara ne ya girgiza ni haka a waɗannan shekaru nawa.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah Ya jiƙan yayarki da rahama, Ya ba ku haƙurin rashinta, Ya kuma saka miki da alheri bisa riƙon wannan yaro. Amsata ita ce ki janye, amma janyewar tana da yadda ake yin ta, domin idan kika yi ta cikin fushi ko cikin shirun da bai san dalilinsa ba, zai ɗauka shi kika janye daga gare shi. Ba ki yi kuskure wajen zaɓen littafin ba. Abin da ya kauce shi ne nauyin da kika ɗora masa a lokacin da kika miƙa shi, kuma wannan abu ne mai gyaruwa.

Batun kunyar ba zai ɗauke mu lokaci ba. Abin da ake kira adabin matasa rabo ne da kamfanonin ɗab'i da ma'aikatan ɗakunan karatu suka yi domin su san kantar da za su jera littattafan da suka dace da masu shekara 12 zuwa 18, kuma wannan rabon bai taɓa hana babba karantawa ba. A shekarar 2012 kamfanin Bowker ya yi bincike a Amurka, ya gano cewa kashi 55 cikin 100 na masu sayen irin waɗannan littattafai sun kai shekara 18 ko sun wuce, kuma mafi yawansu don kansu suke saya. Shi wannan littafin ma da ya girgiza ki, asalinsa ya isa ya nuna miki dalili. Marubuciyar Birtaniya Siobhan Dowd ce ta ƙirƙiro labarin a lokacin da take fama da sankarar mama, ta tsara mutanen cikinsa da mafarinsa, sai ajali ya riske ta a shekarar 2007 tana da shekara 47 kafin ta rubuta shi. Kamfanin ɗab'in da ta yi yarjejeniyar wannan littafi da shi ya nemi Patrick Ness ya ɗauki abin da ta bari, littafin ya fito a 2011, sannan a 2012 ya ci lambar yabo ta Carnegie, wadda ake bayarwa a Birtaniya tun 1936, mai zanensa Jim Kay kuma ya ci lambar Kate Greenaway, karo na farko ke nan da littafi guda ya haɗa lambobin biyu. Labarin da mace mai jinya ta fara saƙawa tana sane da halin da take ciki, idan ya sa wadda ta yi jinyar yayarta kuka, babu wurin kunya a cikin wannan.

Yanzu mu koma kan yaron, kuma ina so ki tsaya a inda ya tsaya a ranar da kika ba shi littafin. Ya juya bango, ya ga labarin yaro ne mai shekara 13 wanda mahaifiyarsa take fama da ciwon daji. Bai buƙaci ya buɗe shafin farko ba kafin ya gane dalilin da ya sa aka zaɓo masa wannan littafi daga cikin dukkan littattafan duniya. Sannan kika ce zai taimake shi. Ke da niyyar tausayi kika faɗa, amma abin da ya shiga kunnensa shi ne cewa ana kallonsa, an lura ba ya kuka, an yanke hukuncin cewa akwai abin da ya lalace a cikinsa, ga kuma maganin da aka kawo. Daga wannan lokacin littafin ya zama aikin da aka ba shi, kuma duk tambayar da kika yi masa daga baya ta zama kamar ta malamin da yake bin sawun aikin gida. Masanin halayyar ɗan'adam Ba'amurke Jack Brehm ya bayyana wannan ɗabi'a tun a 1966, cewa idan mutum ya ji ana ƙuntata masa 'yancin zaɓi, yakan ƙi abin da ake tura shi gare shi ko da yana sonsa, domin ya tabbatar wa kansa cewa zaɓin yana hannunsa. Ki duba yawan abubuwan da aka yanke wa wannan yaro ba da shawararsa ba a cikin shekara uku: ciwon ya zo bai zaɓa ba, mahaifiyarsa ta tafi bai zaɓa ba, inda yake kwana ya canja, wanda yake neman izini a wurinsa ya canja. Rufaffen littafin nan da ke kan tebur yana cikin 'yan abubuwan da suka rage masa ikon cewa a'a a kansu, kuma ina ganin ya kamata a bar masa wannan ikon.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwar faɗa miki haka shi ne littafin da kansa yana goyon bayansa. Zan taɓa ƙarshen labarin, saboda haka wanda bai karanta ba kuma yake son karantawa ya tsallake wannan sakin layi da na bayansa. Kin tuna cewa dodon da yake fitowa daga wata bishiya da ake kira yew yana zuwa wurin Conor, yaron da labarin yake kansa, da ƙarfe 12:07, kuma tun farkon labarin ya gaya masa cewa akwai gaskiyar da zai faɗa a ƙarshe. Amma bai tatse ta daga bakinsa a daren ba. Ya ba shi labari uku tukuna, ɗaya bayan ɗaya, labaran da babu wanda ya fito da mutumin kirki tsantsa ko mugu tsantsa, sai da yaron ya saba da cewa zuciya ɗaya tana iya ɗaukar abu biyu masu karo da juna, sannan aka zo kan nasa labarin. Dodon kuma ya sha nanata masa cewa shi Conor ne ya kira shi. Ki kuma tuna abin da ya fi ƙona wa Conor rai a makaranta, wato yadda malamai suka daina tsawata masa, abokai suka koma yi masa magana a hankali, kowa yana kallonsa a matsayin yaron da mahaifiyarsa ba ta da lafiya, har ya kai yana neman a hukunta shi domin kawai ya ji an ɗauke shi kamar sauran yara. Mai yiwuwa ne ɗan yayarki yana cikin irin wannan hali, kuma kyautarki, duk da kyawunta, ta zo masa a matsayin ƙarin wannan kallon.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Gaskiyar da Conor ya ɓoye ita ce a can ƙasan ransa ya gaji da jira, ya so abin ya zo ƙarshe ko da ƙarshen yana nufin rasa mahaifiyarsa, sannan ya riƙa azabtar da kansa a kan wannan tunani kamar shi ne ya sake ta. Wannan tunani sananne ne a wurin waɗanda suka daɗe suna jinyar wani nasu, manya da yara, kuma ba ya nuna ƙarancin ƙauna, gajiya ce da ganin wahalar wanda ake so. Ban ce ɗan yayarki yana ɗauke da shi ba, kuma ina roƙonki kada ki ɗauka haka ki fara yi masa magana a kai. Amma yaron da ya shafe kusan shekara biyu yana ganin mahaifiyarsa tana raguwa a gabansa, tun yana da shekara 11 ko 12, yana iya ƙunshe da wani abu da bai taɓa gaya wa kowa ba, kuma idan haka ne, littafin da zai taɓa daidai wurin yana buƙatar ya same shi a ranar da shi ya shirya. Wata takwas a wurin mai makoki ɗan lokaci ne ƙwarai.

Ina so kuma in yi miki magana a kan kukan da kika yi, domin a wasiƙarki kin ambace shi a gurguje kika wuce zuwa ga yaron. Kin ce ko ranar rasuwar ba ki yi irinsa ba. Na fahimci dalili: a ranar akwai yaro da za a riƙe, akwai mutane da za a tarba, daga baya kuma kika shiga hidimar zama uwa ga matashi, babu wanda ya ba ki sarari ki zauna a matsayin ƙanwar da ta rasa yayarta. Littafin ne ya ba ki wannan sarari, kuma ke ya fara yi wa aiki. Da kika ji sauƙin da ya biyo bayan kukan sai kika so yaron ma ya ji shi, wanda ke nuna kyawun zuciyarki, sai dai kin miƙa masa shi tun kafin ki gama karɓar naki rabon. Idan kika sake karanta shi, ki lura da kakar Conor, wadda ya koma gidanta alhali jininsu bai haɗu ba, mace mai tsari da ƙa'ida wadda ita ma ɗiyarta ce take mutuwa. A daren da yaron ya farfasa mata falo har da agogonta mai daraja, ta dawo daga asibiti ta ga ɓarnar, ba ta dake shi ba, sai ta saki wata irin ƙara ta tunkuɗe kabad ɗin da ya rage a tsaye. A wannan daren ne yaron ya fara ganin cewa ba shi kaɗai ne yake cikin ciwon ba. Matsayinki a gidan nan ya fi kusa da na wannan kaka, kuma abin da ya haɗa ta da jikanta daga ƙarshe shi ne mace ɗaya da su biyun suke ƙauna. Ke da ɗan yayarki ma haka ne.

Ga abin da nake ba ki shawara ki yi. Ki nemi lokacin da kuke tare kuna wani aiki, kamar tafiya a mota ko gyaran ɗaki, domin matasa sun fi sauraro idan ba a zaunar da su ana kallon idonsu ba. Ki gaya masa a taƙaice cewa kin matsa masa a kan littafin kuma bai kamata ba, cewa ke ce littafin ya taɓa domin ya tuna miki da yayarki har kika yi kuka, kuma ba za ki sake tambayarsa ba, ya karanta ko kada ya karanta duk ɗaya ne a wurinki. Jimla uku ko huɗu sun isa, kada ki jira amsa, kada kuma ki cika shirun da zai biyo baya da ƙarin bayani. Wannan magana za ta sauke masa nauyin aikin da aka ba shi, sannan za ta sanar da shi abin da wataƙila bai sani ba, cewa innarsa ma tana kuka a ɓoye. Yara da yawa suna danne baƙin cikinsu ne domin suna ganin manya sun daure, sai su ɗauka hakan ake so, ko kuma su ji tsoron kada su ƙara wa wanda yake riƙe da su damuwa.

Bayan haka ki ɗauke littafin daga teburinsa ki mayar da shi kanta tare da sauran littattafan gidan, a inda hannunsa zai kai ba tare da ya nemi izini ba. Idan bugun da kika saya mai zanen Jim Kay ne, to zanen nan na baƙi da fari yana da nasa jan hankali, kuma matashi yakan fara da duba hotuna a ranar da babu mai kallonsa. Alkawarin da kika yi kuwa ki cika shi har a ɓoye: kada ki riƙa duba ko littafin ya motsa daga wurinsa, kada ki nemi alamar shafin da aka naɗe, domin yara suna gane irin wannan sa ido fiye da yadda muke zato. An mayar da labarin fim a shekarar 2016, kuma na san zuciya za ta raya miki ki kunna shi wata rana kamar ba da gangan ba. Kada ki yi. Mai karatu yana iya rufe littafi a shafin da ya fi ƙarfinsa ya dawo bayan wata guda, amma wanda aka zaunar gaban fim tare da mutane ba shi da wannan mafita, kuma zai gane dabarar.

Idan burinki ya haɗa da ganin ya zama mai son karatu, hanyar tana wani wurin daban. Marubucin Faransa Daniel Pennac, wanda ya daɗe yana koyarwa a makaranta, ya lissafa haƙƙoƙi goma na mai karatu a 1992, ya sa haƙƙin ƙin karantawa a farko, haƙƙin barin littafi ba a gama ba kuma yana cikinsu, kuma na yarda da shi cewa sai an amince wa yaro da waɗannan sannan karatu yake zama nasa. Ki kawo littattafan da babu ruwansu da ciwo ko mutuwa, na kasada, na bincike, na ban dariya, na ƙwallo, ko masu zane, gwargwadon abin da kika ga yana so. Yaron da yake makoki yana da buƙatar wurin da zai shiga ya huta da makokin na awa ɗaya, kuma wannan hutun ba gudu ba ne. Abin da ya fi haka amfani shi ne ki juya al'amarin, ki tambaye shi abin da zai ba ki shawara ki karanta ko ki kalla, sannan ki karanta da gaske ki dawo ki gaya masa ra'ayinki, har da inda bai burge ki ba. Idan ya ga kin ɗauki zaɓinsa da muhimmanci, wata rana zai ɗauki naki. Kuma duk lokacin da za ki yaba masa wani littafi, ki faɗi abin da ya yi miki, kamar cewa ya hana ki barci ko wani mutum a ciki ya ba ki haushi, ki bar shi ya yanke wa kansa abin da zai yi masa.

Idan ranar ta zo kika ga alamar ya karanta, kada ki tare shi da tambaya. Wataƙila ya ce littafin bai yi masa daɗi ba, ko dodon bai yi kama da gaskiya ba, kuma wannan ma hanya ce ta buɗe magana, sai ki tambaye shi wane wuri ne bai gamsar da shi ba ki saurara. Idan kuwa ya furta wani abu mai nauyi, kamar cewa akwai daren da ya yi fatan wahalar ta ƙare, ko yana jin haushin mahaifiyarsa da ta tafi ta bar shi, to ki riƙe fuskarki, kada ki yi saurin cewa ya daina faɗin haka, kada kuma ki shiga nasiha a wannan lokacin. Ki gaya masa cewa mutane da yawa da suka yi jinya sun ji irin wannan, cewa tunaninsa bai jawo komai ba, ciwon ne ya yi ajalinta, idan kuma ke ma kin taɓa jin haka ki faɗa masa gaskiya. Nasiha da tunatarwa suna da lokacinsu daga baya, kuma za su fi shiga idan ya riga ya tabbata cewa abin da ya faɗa bai rage masa daraja a idonki ba.

Rashin kuka shi kaɗai ba alamar ciwo ba ne, domin matasa da yawa suna makoki a ɓoye ko ta hanyar fushi da yawan shiru, wasu kuma sai bayan shekara abin yake fito musu. Amma littafi, komai lambobin yabonsa, ba ya maye gurbin likita. Littafin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, a bugunsa na 2022, ya amince da makoki mai tsawo a matsayin larura idan tsananinsa ya hana mutum gudanar da rayuwarsa, kuma ga yara da matasa ana fara duba wannan ne bayan wata shida da rasuwar. Saboda haka ki lura da barcinsa da cin abincinsa, da ko ya yanke hulɗa da abokansa gaba ɗaya, da ko karatunsa ya faɗi ya ƙi tashi. Idan kika ga waɗannan sun daɗe, ki kai shi wurin likita ko ƙwararren mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ki kuma yi magana da malamin da ya fi kusa da shi. Idan kuwa ya taɓa cewa gara ya mutu, ko kika ga alamar yana cutar da jikinsa, wannan ba abin jira ba ne, a ranar za ki nemi taimako.

Game da tashin da yake yi idan kin ambaci mahaifiyarsa, kada hakan ya sa ki daina ambatonta. Ki sauya yadda kike yi ne kawai. Maimakon zancen rasuwarta ko jinyarta, ki riƙa kawo ta cikin ƙananan abubuwa a wuce, kamar yadda take dariya, ko wata rigimar da kuka yi kuna yara, ko wata ɗabi'a tasa da ya ɗauko daga gare ta, sannan ki ci gaba da abin da kike yi ba tare da kin dube shi ba. Ke kaɗai ce a gidan kika san ta tun kafin ta zama uwa, kuma waɗannan labarai babu littafin da zai ba shi su. Idan ya tashi ya fita, ki bar shi ya fita, ki sake ambatonta wata ranar. Ita kuma abokiyar aikinki da ta ba ki aron littafin, ki same ta ku zauna ku tattauna shi, ki gaya mata wane shafi ne ya sa ki kuka da kuma abin da ya tuna miki game da yayarki.